'Yan siyasar da ke kwance a maƙabartar Ɗanmarna ta Katsina: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan 5 ga watan Mayu ta zagayo, sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kan dawo bakin mutane, a gidajen rediyo da majalisun ƙofar gida. Masu yawan tambaya a kansa yara ne da aka haifa bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Wasunsu 'yan cikin birnin Katsina ne da suka sha raka gawa Ɗanmarna, amma ba su san su waye maƙwabtan mamacin nasu ba. Tambayoyin da aka fi yi ne aka tattara a nan aka amsa. Allah Ya jiƙan waɗanda za a ambata, Ya jiƙan namu iyayen.

Wace maƙabarta ce Ɗanmarna, kuma daga ina ta samo sunanta?

Tsohuwar maƙabarta ce a birnin Katsina, kuma ta ci sunan Wali Ɗanmarna, wato Shehu Muhammadu ibn as-Sabbag, malamin da ya rayu a ƙarni na 17. A zamaninsa Katsina cibiyar karatu ce da fatauci, ayarin Sahara na sauka a cikinta, almajirai na zuwa daga nesa. Shi ne malamin Wali Ɗanmasani, kuma cikin abin da aka adana na rubutunsa har da waƙar Larabci da ya yi kan nasarar Mai Ali na Borno a kan Kwararrafa. Katsinawa kan haɗa sunansa da na Ɗanmasani da Ɗantakum idan ana lissafin waliyyan gari.

Saboda haka tun kafin a san wani abu wai shi jam'iyya ko zaɓe, ana binne mutane a nan: malamai, fatake, marina, maƙera, mata da jarirai. 'Yan siyasa baƙi ne na baya-bayan nan a cikinta.

Waɗanne fitattun 'yan siyasa ne aka binne a can?

Waɗanda ƙasa duka ta sani su uku ne, kuma 'yan gida ɗaya: Alhaji Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, da babban ɗansa Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, da ƙanen Shehu, Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina. Idan ka jera rayuwar mutum ukun nan, ka bi tarihin siyasar Najeriya tun daga jajibirin samun 'yanci har zuwa 2010, babu zangon da babu ɗayansu a ciki.

Wane ne Musa 'Yar'aduwa? Ba a cika jin labarinsa ba.

Gaskiya ne, 'ya'yansa sun rufe shi da suna. Yana cikin 'yan bokon farko na Arewa, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda daga baya aka ɗauke ta zuwa Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Kamar yawancin 'yan zamaninsa, da alli da allo ya fara: malamin makaranta ne kafin ya shiga aikin En'e da siyasa. Ya shiga jam'iyyar NPC, ya je majalisar wakilai ta tarayya, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ba shi ministan harkokin Legas, ya riƙe har sojoji suka yi juyin mulki a watan Janairun 1966.

Kada a ɗauki muƙamin nan ƙarami. A lokacin Legas ce babban birnin tarayya, kuma filaye da gidajen gwamnati da tsarin birnin suna ƙarƙashin wannan ma'aikata. Bakatsine ne ke riƙe da ita. Har yau akwai titi mai sunansa a unguwar Victoria Island. A gida kuwa shi ne Matawallen Katsina, sarautar da ke da alaƙa da kula da baitulmalin masarauta, wadda daga baya ta koma kan ɗansa Umaru. A Jamhuriya ta Biyu yana cikin manyan jam'iyyar NPN. Ya rasu a 1993.

Shehu Musa 'Yar'aduwa soja ne ko ɗan siyasa?

Duka biyun ne, kuma a kowanne ya kai inda ake kaiwa. An haife shi ranar 5 ga Maris 1943. Ya yi sakandaren lardi ta Katsina, ajinsu ɗaya da Muhammadu Buhari, ya shiga soja a 1962, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila. Ya yi yaƙin basasa, yana cikin dakarun da suka yi fama a fagen Onica, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi zubar da jini a yaƙin.

A watan Yulin 1975 yana cikin matasan hafsoshin da suka kifar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon suka ɗora Murtala Muhammad. Murtala ya ba shi kwamishinan sufuri na tarayya a daidai lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka cunkushe a tashar Legas, suna jira wata da watanni, ƙasa na biyan tarar jinkiri kullum. Warware wannan cunkoso shi ne aikin da ya fara fito da sunansa. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Olusegun Obasanjo ya hau, sai aka ɗaga Shehu daga laftanar kanar zuwa birgediya, aka naɗa shi babban hafsan hedikwatar ƙoli, wato mutum na biyu a ƙasar. Bai cika shekara 33 ba a lokacin. Dalilin tsallakar da shi a kan na gaba da shi ba ɓoyayye ba ne: an kashe shugaba Musulmi ɗan Arewa, zukata sun yi zafi, ana so Arewa ta ga nata a saman gwamnati.

Wannan gwamnati ce ta yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya sa tsarinsu ya zama iri ɗaya a duk ƙasar, kuma Shehu na cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Ita ce kuma ta cika alkawarin da Murtala ya ɗauka, ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoban 1979. Shehu ya ajiye kaki yana manjo janar, yana da shekara 36.

Daga nan ya shiga kasuwanci: noma, banki, harkar tashar jiragen ruwa, har da gidan jarida a Kaduna. Amma abin da ya fi barin tasiri shi ne ƙungiyar siyasar da ya gina a zamanin Babangida, People's Front, wadda ta narke cikin jam'iyyar SDP, daga baya aka san ta da PDM. Kafin shi, ɗan siyasar Arewa kan kafa sansaninsa a gida ne, sannan ya nemi ƙawance da shugabannin wasu yankuna. Shi kuwa sai ya bi jiha-jiha yana zaƙulo matasa, yana riƙe su, yana ɗaukar nauyinsu. Atiku Abubakar da Babagana Kingibe da Tony Anenih da Chuba Okadigbo da Bola Tinubu da Rabi'u Musa Kwankwaso duk sun ratsa ta wannan tafiya, haka ma Alhaji Lawal Kaita a gida Katsina. A zaɓen fid da gwani na SDP a 1992 shi ne ya zo kan gaba, har a wasu jihohin Yarabawa ya kayar da 'yan ƙasar, sai Babangida ya soke zaɓen ya hana 'yan takarar sake tsayawa. A babban taron jam'iyyar a Jos a 1993, ɗan takarar ɓangaren Shehu, wato Atiku, shi ne ya janye wa Abiola.

Akwai wurin da masu sukarsa ke riƙe shi, kuma suna da hujja. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, ɓangarensa a SDP ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan maimakon a tsaya kai da fata a kan nasarar Abiola. Magoya bayansa na cewa dabara ce ta raba Babangida da kujera ba tare da an zubar da jini ba. Masu suka na cewa lissafin takararsa ta gaba yake yi. Ko ma wanne ne, wata uku kacal gwamnatin ta yi, Abacha ya ture ta.

Yaya aka yi mutum mai wannan girma ya rasu a gidan yari?

An zaɓe shi wakili a taron tsara kundin mulki da Janar Sani Abacha ya kira a 1994. A zauren taron, mutanensa ne suka jagoranci ƙudurin da ya yanka wa sojoji wa'adi, cewa su sauka a watan Janairun 1996. Ba a daɗe ba, a watan Maris na 1995, aka kama shi, aka kama Obasanjo, aka tuhume su da hannu a wani yunƙurin juyin mulki. Kotun soja da ta zauna a asirce ta yanke wa Shehu hukuncin kisa. Da duniya ta yi ca, aka sassauta zuwa ɗauri.

Ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki, can jihar Ebonyi, ranar 8 ga Disamban 1997, yana da shekara 54. Zargin cewa an yi masa allura mai guba ya bazu tun a lokacin, kuma har yau mutane da yawa a kansa suke. Aka kawo gawarsa Katsina aka binne. Wata shida cif bayan haka, ranar 8 ga Yunin 1998, Abacha ya rasu, aka buɗe ƙofofin kurkuku, Obasanjo ya fito, kuma ƙungiyar da Shehu ya bari tana cikin ginshiƙan da suka kafa PDP suka kai Obasanjo fadar shugaban ƙasa a 1999. Duk Bakatsinen da ya isa hankali a lokacin ya san yadda wannan wata shida ke sosa rai. Cibiyar da aka gina da sunan Shehu a Abuja tana nan.

Da gaske ne Umaru bai bi siyasar gidansu ba da farko?

Da gaske ne. An haife shi ranar 16 ga Agustan 1951, ya fara firamare a Rafukka, ya koma ta kwana a Dutsinma, ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sannan Barewa, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya inda ya karanta ilimin koyarwa da kimiyyar sinadarai, ya kuma koma ya yi digiri na biyu. Zariya ta shekarun 1970 tafasa take da muhawarar 'yan gurguzu da masu ra'ayin talakawa, kuma ta yi tasiri a kansa. Da Jamhuriya ta Biyu ta zo, mahaifinsa na cikin jiga-jigan NPN, shi kuwa ɗan Matawalle sai ga shi a PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar da ke sukar tsarin sarauta da gidansu ke ciki. A Katsina ta wancan lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya koyar a Legas lokacin hidimar ƙasa, ya koyar a Zariya da Katsina, sannan ya riƙe gonar Sambo a Funtuwa. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987, ya bi tafiyar yayansa, ya tsaya takarar gwamna a SDP a 1991, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Sai a 1999 ya ci a ƙarƙashin PDP, ya yi shekara takwas.

Me ya sa ake yawan yabonsa? Me ya yi takamaimai?

A Katsina abin da aka fi tunawa shi ne riƙon baitulmali da aikin makarantu. Ya bayyana kadarorinsa a fili tun yana gwamna, abin da doka ba ta tilasta masa ya yi a bainar jama'a ba. Ya kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu take amsa sunansa. A zamaninsa ne kuma jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba mai son taro da kirari ba, har wasu 'yan siyasar gida na ƙorafin cewa hannunsa a dunƙule yake. Wannan ƙorafi a wurina yabo ne.

Ya hau shugabancin ƙasa ranar 29 ga Mayun 2007, karon farko da farar hula ya miƙa wa farar hula mulki a Najeriya, kuma shi ne zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko da ya hau mulki da digirin jami'a. A jawabinsa na rantsuwa ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran dokokin zaɓe ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Ya sake bayyana kadarorinsa, kimanin naira miliyan 856. Ya janye ƙarin harajin kayayyaki da aka ninka daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a ƙarshen mulkin Obasanjo, ya rage kuɗin litar fetur daga naira 75 zuwa 70, daga baya zuwa 65. Cinikin matatun mai na Kaduna da Fatakwal ya warware a zamaninsa. Ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin tarayya ta riƙe shekaru, alhali jihar a hannun 'yan adawa take.

Babban aikinsa shi ne afuwar da ya yi wa tsagerun yankin Neja Delta a watan Yunin 2009. Kafin nan fasa bututu da sace ma'aikata sun durƙusar da haƙar mai. Dubban matasa suka miƙa makamai, man ya dawo yana gudana. Shugaba ɗan Katsina ne ya yi wannan sulhu, kuma mutanen yankin ba su manta ba.

To, ba shi da laifi ke nan?

Yana da shi, kuma ɓoyewa ba ƙauna ba ce. Zaɓen 2007 masu sa ido na gida da na waje sun yi tir da shi, kuma da ƙyar kotun ƙoli ta tabbatar masa da kujerar a watan Disamban 2008, alƙalai huɗu a kan uku a ƙarar da Buhari ya shigar. Rahoton Uwais da ya nema da kansa, gwamnatinsa ba ta karɓi babbar shawararsa ba, wato a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa. An ɗauke Nuhu Ribadu daga EFCC a ƙarshen 2007, daidai lokacin da hukumar ke tuhumar tsohon gwamnan Delta James Ibori, wanda kowa ya san kusancinsa da gwamnatin. Wutar lantarki da ya sa a sahun gaba cikin ƙudurorinsa bakwai ba ta gyaru ba. A watan Yulin 2009 ne kuma rikicin Boko Haram ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri, aka murƙushe shi da ƙarfin soja, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba. Abin da ya biyo baya Arewa ta ɗanɗana kuɗarsa.

Yaya rashin lafiyarsa da rasuwarsa suka kasance?

Tun yana gwamna yake fama da ciwon ƙoda. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a watan Maris na 2007 aka kai shi Jamus, har jita-jitar mutuwarsa ta bazu, Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taron magoya baya don a ji muryarsa. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka tafi da shi Jidda saboda kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya. Bai rubuta wa majalisa takardar miƙa riƙo ga mataimakinsa ba, ƙasa ta zauna kwana 78 babu mai sa hannu da cikakken iko, sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar dokoki ta kafa hujja da lalura ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Aka dawo da shi Abuja cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, jama'a ba su sake ganinsa ba. Ya rasu a fadar shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayun 2010 yana da shekara 58, washegari aka kawo shi Katsina aka yi masa salla aka kai shi Ɗanmarna.

Ciwo ba laifin kowa ba ne. Amma waɗanda suka kewaye shi a watannin nan, suka ɓoye wa ƙasa halin da yake ciki, sun cuce shi, domin sun sa mutumin da ya yi ta wa'azin bin doka ya zama sanadin rikicin tsarin mulki. Saboda abin da ya faru ne aka gyara sashe na 145 na kundin tsarin mulki, ta yadda idan shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, majalisa na iya ba mataimaki riƙo.

Ya halatta a faɗi kurakuran wanda ya riga mu gidan gaskiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ke hana mu koyon tarihinmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wannan hani yana nan daram. Amma akwai hadisin da aka wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, aka wuce da wata suka faɗi sharrinta, bai tsawata musu ba, ya ce su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganarsa ta cewa shaidar duniya ita ce ta lahira.

Zagi daban, shaida daban. Tonon asirin mamaci a kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ko iyalinsa haramun ne kuma rashin tarbiyya ne. Amma wanda ya riƙe amanar miliyoyin mutane, hukuncin da ya yanke a kujera ba sirrinsa ba ne, domin har yau muna rayuwa a cikin sakamakonsa. Idan muka ce duk shugaban da ya mutu ya zama waliyyi, mun gaya wa masu rai cewa su yi abin da suka ga dama, likkafani zai wanke su. Idan kuma muka mai da kabarinsu wurin huce haushin siyasa, mun zubar da mutuncin kanmu. Ana iya cewa Allah Ya jiƙan Tafida, a kuma ce matsayarsa kan 12 ga Yuni akwai magana a kai. Ana iya yi wa Matawalle addu'a da hawaye, a kuma ce kisan Muhammad Yusuf ba bisa shari'a ba kuskure ne da ya faru a ƙarƙashinsa. Harshe ɗaya na iya ɗaukar duka biyun.

Me ya sa aka kai shugaban ƙasa maƙabartar jama'a, ba a ware masa wuri na musamman ba?

Shugabannin Arewa ba hanya ɗaya aka bi da su ba. Tafawa Ɓalewa yana Bauchi, an gina wurin tarihi a kan makwancinsa. Malam Aminu Kano yana cikin gidansa na Mumbayya a Kano. Shagari an mai da shi garinsu Shagari a 2018. Umaru kuwa an kai shi inda mahaifinsa da yayansa suke, cikin sauran Katsinawa.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kabari a garin nan ya san babu wani bambanci da ake iya yi. Makara ce a kafaɗun mutane, ana karɓa-karɓa. An haƙa uwa an haƙa 'ya, a zura mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a cura laka a toshe kafofi, a tura ƙasa, a yayyafa ruwa, liman ya ce a roƙa wa ɗan'uwanku tabbata. Farin ƙyallen da aka naɗe shugaban ƙasa da shi, irinsa ake naɗe mai tura baro.

Buhari fa? Shi ma a Ɗanmarna yake?

A'a. Muhammadu Buhari ɗan Daura ne, an haife shi ranar 17 ga Disamban 1942. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 yana da shekara 82, aka sauke gawarsa ranar 15 ga wata a filin jirgin sama na Katsina, wanda ke ɗauke da sunan Umaru, mutumin da suka kara a zaɓen 2007. Daga nan aka wuce da shi Daura, aka yi masa salla, aka binne shi a cikin gidansa. Alaƙarsa da gidan 'Yar'aduwa ta daɗe: abokin karatun Shehu ne, kuma a gwamnatin da Shehu ke mutum na biyu ne ya riƙe kwamishinan man fetur. Ya mulki ƙasar yana soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, ya dawo ta akwatin zaɓe daga 2015 zuwa 2023.

Ana maganar maza kawai. Ina iyayensu mata?

Hajiya Dada, matar Musa 'Yar'aduwa kuma mahaifiyar Shehu da Umaru da Sanata Abdul'aziz, ta rasu ranar 2 ga Satumban 2024 bayan doguwar rayuwa, aka kai ta Ɗanmarna ita ma. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, amma ta binne miji, ta karɓi gawar ɗa daga kurkuku, ta karɓi ta wani daga fadar shugaban ƙasa. Lokacin da take raye, 'yan takara daga kowace jam'iyya kan je gaishe ta idan sun shigo Katsina.

Zan iya zuwa ziyara? Wane ladabi ake bi?

Za ka iya. Ziyarar kabari sunna ce, Annabi ya yi umarni da ita don tana tuna lahira. Ka shiga da sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, ka roƙa musu gafara, kada ka taka kabari ko ka zauna a kai, kada ka ɗaga murya. Roƙo ga Allah ake yi, ba ga mamaci ba. Game da neman tabarruki a kabarin waliyyai, malaman ɗariƙa da na Izala sun saɓa, haka ma kan ziyarar mata, kowa ya bi malaminsa, amma maƙabarta ba wurin jayayya ba ce.

Wani lokaci za ka ga saurayi ya shigo da waya a hannu, ya tarar da dattijo mai kula da wurin a gindin bishiya, ya ce, "Baba, ina kabarin Matawalle?" Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, fara yi wa mutanen gidan sallama tukuna." Tsohon ya yi gaskiya. Mai da waya aljihu. Ɗaukar hoton kai a gaban kabari don a watsa, ko zuwa da tawagar siyasa da masu kyamara lokacin yaƙin neman zaɓe, cin fuskar dubban mutanen da ke kwance a wurin ne, waɗanda su ma iyayen wasu ne.

Wane taimako mutum zai iya yi wa maƙabartar?

Tsofaffin maƙabartun cikin gari matsalarsu kusan ɗaya ce: cunkoso, zaizayar ruwa, ciyawa, da dabbobi idan katanga ta faɗi. Da damina kaburbura kan rufta, sai an samu masu bi suna cikewa da ƙasa. Masu haƙa da masu gadi galibinsu talakawa ne, abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, kuma su ne ke wurin ko da rana ta take ko ana ruwa.

Ba sai mutum na da kuɗi da yawa ba. Motar ƙasa kafin saukar ruwan farko, itacen kabari, diga da shebur da kwanon ɗiban ƙasa, tankin ruwa ko gyaran famfo, buhun hatsi ga masu aikin lokacin azumi, ko matasan unguwa su fito aikin gayya su yi shara ranar da ba aiki. Kafin ka kai komai, ka fara tambayar masu kula da wurin ko mai unguwa abin da aka fi buƙata a wannan lokaci, domin buƙatar watan Yuni daban take da ta lokacin hunturu.